Man Shanu a Littafin Aro

Laburaren unguwarmu ɗaki biyu ne da baranda, a bayan makarantar firamare. Kanta shida ce a ciki, da bencina, da fanka ɗaya wadda sai ta ga dama take juyawa. Amma wurin ba ya rabo da mutane. Ran Alhamis 'yan sakandare ke muhawara, su yi ta ɗaga murya kamar ana rabon gado. Lokacin hutu akwai tatsuniya, a fara da Hausa, a ƙare da Fillanci, wani ya tsoma yaren Gude a tsakiya. Gab da damina malamin gona kan zo ya yi bayanin iri da taki. Asabar da hantsi kuma ta mata manya ce masu koyon karatu.

Ni tela ce, na yi makaranta daidai gwargwado, don haka nakan rufe shago ran Asabar in je in taya Malama, mai kula da laburaren. Doguwar mace ce 'yar garin Muchalla, ba ta cika dariya a wurin aiki ba. Kowace Litinin takan rubuta sunan littafin mako a baƙin allo, ta ce a karanta. Mukan yaba kyan rubutunta mu wuce, littafin kuwa yana nan a kanta ba mai taɓa shi.

A ajin akwai maƙwabciyata, Goggo, Bafulatana mai sayar da nono, ta haura sittin. Shekara biyu tana fama da baƙaƙe. Ranar da ta karanta shafi guda ba tare da ta tsaya ba, Malama ta ba ta katin aro. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta zaɓi wani ɗan littafin Hausa na kiwon shanu da cututtukansu. Ban taɓa ganin farin ciki irin nata na ranar ba, har ni sai da na ji hawaye.

To, a unguwarmu idan aka aiko maka da abinci, ba ka mayar da kwano wayam. Ko gyaɗa ce sai ka zuba. Mu matan aji sai muka ɗauki littafin aro kamar kwanon maƙwabta. Ni nakan haɗa da soyayyiyar gyaɗa a leda, wata dabino, wata aya. Malama ta ɓata rai ta ce ba a haka, mu ce to, mako mai zuwa mu sake. Mun ɗauka kara ce kawai take yi.

Da sati biyun aron Goggo suka cika, ta biyo ta shagona da sassafe. Ta naɗe littafin a tsumma mai tsabta, ta ɗora ɗan ƙoƙo cike da sabon man shanu a kai, ta ƙulle su tare. Da idona na gani. Maimakon in hana, cewa na yi, “Lallai yau miyar Malama za ta yi daɗi.” Lokacin bazara ne, irin zafin Mubi da ko duwatsu sai ka ga suna hayaƙi, ga shi sai da ta zaga da nononta kafin ta iso aji.

A gaban kowa ta kwance ƙullin. Man ya narke, ya ratsa littafin tun daga bango har shafin ƙarshe. Wata ta fashe da dariya, ta yi sauri ta toshe baki. A jikin bango akwai doka a rubuce cewa wanda ya lalata littafi za a karɓe katinsa, kuma yanzu Goggo ta iya karanta ta.

Malama ta ɗaga littafin da yatsu biyu, ta dubi Goggo, wadda take kira Dada don girmamawa, ta ce, “Dada, me nake gaya muku kullum?”

Goggo ta dubi dokar da ke bango. Ta kwance katin daga bakin zane, ta ajiye a tebur, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Asabar uku ba ta zo ba. In na tambaya sai ta ce idonta ne ke ciwo, alhali ina ganinta tana tsince tsakuwa a gero. Kunya ce, kuma na san halinta, tana iya barin karatun ke nan har abada. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kalma ɗaya daga bakina da ta hana wannan duka.

Na sami Malama na ce laifina ne, ni za a hukunta.

Ta ce, “Ni ban karɓi katinta ba, ita ta ajiye. Ga shi nan a aljihun tebur. Ki kai mata.”

Na ce, “Ko na kai ba za ta sake aro ba. Ba ta iya mayar da abin mutane hannu wofi, ke kuma kin hana a haɗa da komai.”

Ta juya biro a hannunta. Can ta ce, “Ta taɓa ce miki wani abu game da littafin?”

Dariya ta kama ni, don sati biyu cur Goggo ta yi tana yi wa marubucin faɗa, ina jiyo ta ta kan katanga. Na gaya mata. A nan na fara ganin haƙoran Malama.

Bayan la'asar muka tafi gidan tare. Goggo ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo kindirmo, kanta a ƙasa. Malama ta ajiye katin a gabanta, da takarda da fensir.

Ta ce, “Dada, gaskiyarki, ba a mayar da littafi haka nan. Amma ba mai nake so ba. Abin da kika gani a ciki nake so. Yaya kika same shi?”

Goggo ta ce da Hausarta, “Mutumin da ya rubuta, bai taɓa tatsa saniya ba. Ya ce wai a tatsa tukuna, kafin a kawo maraƙi. Wane saniya zai yarda? Amma maganar kaska, wannan gaskiya ya faɗa.”

Malama ta ce, “Rubuta.”

“Ni?”

“Ke kika karanta.”

Sai da aka kira magariba ta gama layi uku, a karkace, ta goge wuri ɗaya har takarda ta huje. Malama ba ta gyara ko harafi ba. Washegari ta rubuta sunan littafin a allo, ta manna takardar a ƙarƙashinsa.

Ran Talata, da aka tashi kasuwar shanu, wasu dattawa biyu suka zo neman littafin, wai su ga inda marubuci ya yi kuskure. Ɗaya ma har garin Maiha ya tafi da shi, yana ƙamshin mai. Daga nan duk wadda ta dawo da littafi sai ta haɗo da 'yar takarda. Wata ta rubuta cewa labarin ya sa ta ƙona tuwo, wata ta ce kada kowa ya wahalar da kansa. Yanzu allon nake fara dubawa kafin in zaɓi abin karantawa.

Asabar ɗin da Goggo ta dawo, ba ta gaishe da kowa ba sai da ta tsaya gaban allon. Ta bi layukanta uku da yatsa, leɓenta na motsi, ta kai ƙarshe ta sake farowa. Muka yi kamar ba mu gani ba. Sannan ta juyo, ta miƙa wa Malama katin.

Ta ce, “Akwai wani kuma da ya rubuta a kan nono? Ba ni in duba masa.”