Mama Ba Ta Gaya Wa Kowa Ba, Addu'a Kawai Ta Nema

A lokacin ni tela ce a Suleja, budurwa mai surutun da ko kwastoma sai ta roƙe ni in yi shiru in auna ta. Ranar da cocinmu ya zaɓe ni in je aikin bishara a wata ƙasa da doka ta hana wa'azin Kirista, da rawa na isa gida. Da sunan koyar da ɗinki na tafi. Kafin tafiya an ja mana kunne a kan amfani da waya: ban da hoto, ban da sunan kowa, ban da kalmar coci. Littafi Mai Tsarki yadi muke ce masa, taron addu'a kuma ajin yamma. Abin ya burge ni ƙwarai, ina ta jin kaina wata babba.

Shekara biyu na riƙe bakina, abin da ko mahaifiyata ba ta zata zan iya ba. Sai wata ɗalibata, matar aure mai 'ya'ya uku, ta ba da gaskiya. A ɗakina aka yi mata baftisma cikin bahon wanki, labule a sake, muna waƙa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa farin ciki irin na ranar ba. Tana fita na danna wa Mama saƙon murya na minti tara, da Hausa, wai ni mai wayo, wa zai ji Hausa a can? Na faɗi sunanta da unguwarsu da sana'ar mijinta, na haɗa da hotonmu gashinta a jiƙe. Na rufe da roƙon kada ta gaya wa kowa.

Har gobe Mama tana rantsuwa ba ta gaya wa kowa ba. Gurup ɗin zumuntar mata kawai ta tura wa don a taya mu addu'a, kuma a wurinta neman addu'a ba bayar da labari ba ne. Kafin yamma saƙon ya kai Garam da Lambata, wata kuma ta ɗora shi a Fesbuk. Kunyar da nake ji yau ita ce, da na ga amin-amin na zuba, daɗi na ji, har ina ƙirgawa.

Kwana huɗu bayan haka wani Alhaji maƙwabcinmu na unguwar Wambai a Suleja, wanda ke zuwa saro yadi a garin da nake, ya kira ni. Ya ce shi Musulmi ne, amma a gabansa na girma, ba zai yi shiru ba. Hausawan kasuwar garin sun ji muryata, an fassara wa masu shaguna, ana tambayar wace tela ce. Ya ce in goge komai yanzu. Na goge nawa, amma na mutum ɗari fa?

Shugaban aikinmu ya sa ni a jirgi cikin satin. Ita kuwa ɗalibata, an ce mijinta ya karɓe wayarta ya mayar da ita ƙauyen iyayenta ba tare da yaran ba. Ni na dawo kan keken ɗinkina lafiya lau, har ana yi mini barka da zuwa.

Na koyi cewa ba kowace murna ce taka kai kaɗai ba, wata da ran wani a cikinta. 'Yan'uwa masu fita wannan aiki, da iyayen da ke gida, Allah ya san sunan wanda kuke yi wa addu'a ko ba ku rubuta shi ba. Ni shekara uku ke nan ina kiran lambar ɗalibar nan tawa, a kashe take.