Sista Judith da Ƙodar Jannatu

Kafin masu ƙosai su hura wuta a Argungu, Sista Judith ta riga ta ɗaura farin kallabinta, ta rataya tsohuwar jakar nan da ta ƙi mutuwa. Shekara talatin da biyu haka take fita, sai watan jiya ta yi ritaya daga aikin jinya.

Waɗanda suka san lokacin da jiharmu ke tasowa, sakamakon gwajin jini ma sai direban tasha ya kawo daga Sakkwato, ba su manta Jannatu ba. Tana shekara goma sha biyu aka yi mata dashen ƙoda a ƙasar waje, kuma mahaifiyarta Ma'u ce ta bayar. Bayan wata shida gwaji ya nuna wata ƙwayar cuta ta farka tana cin sabuwar ƙodar, domin maganin da ke hana jiki ƙin dashen ya raunana garkuwar yarinyar. Likita ya ce a rage maganin.

Ma'u ta ce to, ta koma gida ta ci gaba da ba yarinyar maganin cikakke. Sista ce ta lura kwalbar maganin tana ƙarewa da wuri. Ba ta yi faɗa ba, ta zauna bakin tabarma ta tambaye ta dalili.

"Can anka ce min in ta rage sha, ƙodar ta tai," in ji Ma'u. "Biyu Allah Ya ba ni, Sista. In wagga ta lalace, mi za ni ba ta?"

Daga ranar maganin ya koma jakar Sista. Safe da yamma, wata bakwai, har ranar Lahadi kafin coci, tana zuwa ta ba yarinyar daidai yadda likita ya rubuta, Ma'u na hararar hannunta. A hankali gwaji ya fara kyau.

Sista, ke ce mai haƙurin da ba a ba lambar yabo. Mun yi kewar takunki a lungunanmu tun yanzu.

Yau Jannatu malamar makaranta ce a Gwadangaji. Ranar walimar sallamar Sista, Ma'u ta tashi da ƙyar, ta ce, "Ni nib ba ta ƙoda, amma wagga mata ta hana ni kashe ta."

Mun gode, Sista Judith. Masu shigowa aikin, in kun ga kwalba ta ƙare da wuri, ku zauna ku tambaya.