Na Biyu Kuma, Merv

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin tseren keke na garinmu Glenarra ya san Merv Chilcott, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai faffaɗar kafaɗa kamar ƙyauren sito, da hular rana da ta sha duniya, wanda yake tsayawa bayan mahayi yana tofa yawu a tafin hannu kafin a harba bindigar tashi. Manomin dankali ne, kamar ubansa da kakansa, a jar ƙasar nan ta arewacin tsibirin Tasmaniya. Amma je ka tambaye shi ko shi wane ne, ba zai ce maka manomi ba. Zai ce shi ne mutumin da ya kusa cin Noel Viney sau talatin da ɗaya.

Kusa fa na ce. Bai taɓa cin sa ba ko sau ɗaya, kuma abin da ya hana shi sakat ke nan tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Bai damu da kofi ba, bai damu da hotonsa a jarida ba. Burinsa ɗaya tak a duniya: ya tsallake farin layin nan na filin garinmu kafin Noel, jama'a suna kallo.

Noel ɗan mahaucin gari ne, dogo, santalele, ga kyau ga iya hawa. Gaskiya dai gaskiya ce, Allah ya yi masa baiwa. Sai dai girman kai, wai! Da mataji yake yawo cikin rigar tsere. In ya tsallake layi sai ya cire hular kwano, ya taje gashinsa a tsanake, sannan ya waiwayo ya jira Merv ya iso yana haki.

"Na biyu kuma, Merv? Yaya hanya? Na ɗauka ka tsaya sayen shayi."

"Za ka gani, ɗan mahauci. Akwai baɗi."

Baɗi ta zo ta wuce, baɗin baɗaɗa ma haka. A babban tserenmu na washegarin Kirsimeti ba a tashi daga layi ɗaya. Akwai mai raba rata, wanda yake duba ƙarfin kowa cikin shekara, ya ajiye rago can gaba, gwani kuwa a baya. Noel kullum shi ne ƙarshen baya, ba a ba shi ko taku ɗaya. Merv ana ba shi mita sittin. Da sittin ɗin da komai, da an kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe sai ya ji hucin Noel a ƙeyarsa.

Da ya kai talatin da uku, ƙafa ta fara nauyi, sai Merv ya yanke shawarar yin abin da masu wayo suke yi: likimo. Wato ka shekara kana zuwa na ƙarshe da gangan, har mai raba rata ya ji tausayinka ya ƙara maka. Mai raba ratar lokacin Mista Athol Deverell ne, tsohon shugaban makarantar firamare, wanda ya koyar da su duka biyun, ya kuma zane su duka biyun. Matar Merv, Glenys, ta saurari shirin tana feraye dankali, ta ce, "Dabara dai ta yi. Mai dabarar ne ban yarda da shi ba."

Sai ga Merv ya ba ta mamaki. Wata goma sha ɗaya yana shan kashi kamar ba shi ba. Ya iso a ƙarshe, ya sauka yana dafe da ƙugu, yana cewa bayansa ne, shekaru ne, noma ne. Da sassafe kuwa yana can kan tuddan bayan gonarsa, ya goya rabin buhun dankali, yana hawa yana sauka har gumi ya cika masa takalmi. Mista Deverell ya duba, ya girgiza kai, ya tura shi mita tamanin. Ya ƙara dubawa, ya kai shi ɗari da ashirin. Zuwa farkon Disamba Merv yana kan ɗari da hamsin. Da wannan ratar ko jaki ya hau sai ya ci Noel.

Saura mako guda, aka yi wani ɗan ƙaramin tsere a garin maƙwabta. Ladan ma cinyar alade ce, ba wani abu ba. Glenys ta bi shi har bakin mota.

"Merv, dube ni nan. Na nawa za ka zo?"

"Na ƙarshe."

"Ko me Noel ya ce maka?"

"Haba Glen, sai ka ce yaro?"

To, hali zanen dutse. Saura zagaye biyu, Merv yana can baya yana wasansa na ciwon ƙugu, sai ga Noel ya zo wucewa. Maimakon ya wuce abinsa, sai ya rage gudu, ya saki hannu ɗaya, ya ɗan bubbuga Merv a kafaɗa kamar mai lallashin tsohon doki.

"Sannu, kaka. In kira maka motar asibiti?"

Shi ke nan! Merv ya ce bai san lokacin da ya miƙe kan feda ba. Mutumin da ya shekara bai iya ɗaga ƙafa ba ya wuce mahaya goma sha ɗaya kamar an ɗaure su a turke. Filin ya ɗauki ihu. Suka iso layi kafaɗa da kafaɗa, Noel ya cilla kekensa gaba, ya ci da faɗin taya.

Mista Deverell yana zaune a layin gaba yana shan lemo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Da Merv ya zo wucewa ya ce, "Chilcott, na yi murna ƙwarai da bayanka ya warke. Mako mai zuwa mita arba'in."

Ba tsuntsu ba tarko: ba cinyar alade, ba rata. Daga baya aka ji ashe Noel ya daɗe da sani. Yana kai nama gidajen gona da safe ya hango wani mahaukaci a kan tudu da buhu a baya. Bai kai ƙara ba, don ya ce kai ƙara aikin ragwaye ne. Jira kawai ya yi, ya san 'yan kalmomi sun isa. Washegarin Kirsimeti ya sake ci, ya sake taje gashi, Merv ya sake zuwa na biyu. Glenys kuwa kallo ɗaya ta yi masa, wanda Merv ya ce ya fi zagi ciwo.

Yana da talatin da takwas ya rataye keke, ya koma turi. Kowane mahayi yana da mai riƙe masa sirdi a wurin tashi, da bindiga ta tashi ya ruga da shi 'yan taku ya cilla shi. Nan ne fa Merv ya samu abin da aka halicce shi dominsa. Hannun da ya saba jifan buhu cikin mota, in ya hankaɗa ka sai ka ji kamar ka manta cikinka a baya. Zakaru daga Melbourne sukan sauka daga jirgin ruwa suna tambayar ina gajeren nan mai hula. Da ya dafa sirdi yake sanin nauyin mutum. "Kai, ka ci abincin Kirsimeti da yawa," zai ce wa zakaran ƙasa guda, kuma gaskiya ne. Mutum ɗaya ne kawai bai taɓa turawa ba. Noel ya ƙara shekara biyar yana tsere, ya kuma aika sau biyu a roƙe shi ya zame masa mai turi. Merv ya rantse a gaban mutane cewa hannunsa ba zai taɓa sirdin ɗan mahauci ba har abada.

Kada ka ɗauka gaba suke yi. Duk Juma'a Merv yakan shiga shagon naman Noel da dankali sabon haƙa, ya dire a kan teburi, ya ce an ce masu tsufa suna son abu mai laushi. Noel ya naɗe masa haƙarƙari ya ce ga na wanda ya zo na biyu. Shekara talatin suna haka, ko wadda ta zo sayen ƙashin kare ba ta fita sai ta ji ƙarshen faɗan.

Suna da saba'in da ɗaya Noel ya faɗi a bayan teburin shagonsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, aka rufe shago. Merv ya je asibiti sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya kasa shiga. Dankalin dai bai fasa ba, a bakin ƙofar gida yake ajiyewa ya gudu.

Da Disamba ta matso, kwamitin biki ya ce za a karrama Noel, a zagaya da shi fili sau ɗaya a kujerarsa mai taya kafin babban tsere. 'Yarsa Raelene ta zo har gona.

"Kawu Merv, Baba ya ce in ba kai ba, ba wanda zai tura shi."

"Na yi rantsuwa, 'yata. Kowa ya ji."

Glenys ta leƙo daga kicin. "A kan sirdi ka rantse. Kujera tana da sirdi ne?"

Sai ga murmushi yana tsattsafowa a fuskar Merv, irin wanda Glenys ta sani ta kuma tsana. Ya lissafa abin: mai turi kullum a baya yake, wato Noel ya shirya ya sake shan gabansa a gaban gari duka. Amma in ana saura taku biyu ya juya kujerar ya ja ta da baya fa? Wa zai fara tsallake layi? Abin nema ya samu! Mako biyu yana atisaye a tsakar gida. Ya ja layi da farin fenti, ya loda wa baro dankali daidai nauyin Noel kamar yadda ya san shi, ya turo, ya juya, ya ja. Glenys ta ce shekara saba'in ba su koya masa komai ba. Ya ce sun koya masa haƙuri.

Ranar ta zo da rana tarwai. Masu gasar saran itace sun gama tasu a tsakiyar fili, ƙamshin gasasshen nama ya cika ko'ina, ba masaka tsinke. Aka gangaro da Noel cikin tsohuwar rigarsa ta tsere, ta yi masa yawa, an taje masa gashi tsaf. Merv ya tofa yawu a hannu, ya kama kujerar, ya tura.

Saura kaɗan ya kifa. Ya sa ƙarfin da ya saba sa wa baro, sai kujerar ta tafi kamar ba kowa a ciki. Hannun nan da bai taɓa kuskuren nauyin mutum ba ya gaya masa gaskiya: abin da ya rage na Noel bai kai buhu guda ba. Tausayi ya kama shi, da tsoro, har da haushi, don bai taɓa tunanin akwai abin da zai iya kayar da ɗan mahauci ba.

Mutane suka miƙe tsaye suna kiran suna. Noel ya karkato kai, maganar tana fita da ƙyar.

"Gudun... ke nan? Kaka."

"Rufe mana baki, kada ƙuda ya shiga."

Suka sha kwanar ƙarshe. Ga farin layin can yana matsowa, layin da Merv ya shekara sittin yana mafarki. Saura taku goma Noel ya sake magana, ƙasa ƙasa.

"Raelene ta ga... fentin gidanka. Juya ni. Ni ma... da haka zan yi."

Merv ya tsaya cak. Taku biyu ya rage, daidai inda yake juya baro. Ba mai hana shi, mai kujerar ma ya ba shi izini, gari kuma zai yi dariya ya tafa. Ya dubi ƙeyar nan mai furfura, ƙeyar da ya fi sanin ta fiye da fuskar matarsa. Ya ga hannun hagun Noel ya riga ya fara ɗagowa daga kan cinya da kansa, yana neman sama, kamar yadda yake yi duk sanda ya hango layi.

"Ban taɓa karɓar sadaka a hannunka ba, ɗan mahauci," in ji Merv, muryarsa ta dushe. "Riƙe da kyau."

Ya duƙa, ya ruga taku biyun, ya hankaɗa, ya saki. Kujerar ta tsallake layi ita kaɗai, hannun Noel a sama, Raelene tana gudu ta tare. Mai lasifika, wani shaƙiyyin yaro da aka haifa bayan duk wannan, ya kwarma: "Viney na ɗaya! Chilcott na biyu!" Filin ya fashe da dariya da tafi, rabin mutanen suna share ido.

Merv ya tako a hankali ya tsallake. Noel yana jiransa, ya sa an juyo masa kujera, hawaye yana bin karkataccen kumatunsa.

"Na biyu... kuma, Merv?"

"Akwai baɗi," in ji Merv, ya ciro mataji daga aljihun rigar ya gyara masa gashin da iska ta hargitsa.

Babu baɗin. Noel ya rasu cikin Afrilu, ana tsakar haƙar dankali. Merv har yanzu yana turi, ko da yake yara ƙanana kawai gwiwa take bari ya tura. In ka zauna da shi zai gaya maka sau talatin da biyu ne yanzu, kuma na ƙarshen nan, da ya juya kujerar, da ya ci. Layin fentin yana nan a tsakar gidansa, Glenys ta yi ta fama a goge, ya ƙi.