Ranar da Aka Kawo Mana Amarya a Kwali

In dai ina da rai da hankalina, ba na jin zan manta da ranar da aka kawo mana arusa gidanmu a Gadarif. Shekaru sun ja, amma har yau in abin ya faɗo mini ina tuƙa asida, tuwonmu na nan, sai na saki muciya na yi dariyata ta ishe ni tukuna.

Lokacin an gama yankan riɗi, mijina bai dawo daga gonakin Fashaga ba, ni da 'yata muna zaune a gidan Inna, mahaifiyata. Yarinyar ba ta wuce shekara biyar ba, ga bakin tsiya, kuma Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, kamar sauran yaran unguwa. Autanmu kuwa ya daɗe yana aiki a wani kanti a Saudiyya, Inna ba ta da wata waƙa sai ta aurensa. Ko gaisuwa ya kira ya yi, kafin ya ajiye waya sai ta jero masa 'yan matan dangi tun daga Fau har Mafaza.

Wata safiya ya kira, muryarsa na shiga tana fita. "Yumma, ina hanya, yanzu zan shiga jirgin ruwa. Kuma na taho da arusa, ki gaya wa..." Nan layin ya yanke. Muka kira, muka sake kira, shiru. Arusa dai a Larabcinmu na nan amarya ce, kowa ya sani. Inna ta tsaya da waya a hannu ta ce, "Aure ba da sanina ba? Mutuwa na yi?" Amma fushin bai kai tsawon shan kofin gahawar jabana ba, sai ji muka yi ta rangaɗa guɗar da ta watsa kajin maƙwabta.

Daga nan gida ya rikice. Aka share ɗakin bakin ƙofa, aka turara shi har ido na yaji, aka kwaɓa lalle, aka sayo rago. Inna ta aika Mafaza a kira yayanta, dattijo mai rawani wanda ba a saba ganin haƙoransa ba. Mata suka yi ta shigowa da hasashe: wata ta ce 'yar Hausawan Makka ce, wata ta rantse ta yi mafarkinta, doguwa ce mai wushirya. Ni kaina na fito da tob ɗina na biki, mayafin nan da muke naɗawa har ka, ina ta shirya irin kallon da zan yi wa matar ƙanena don ta san tana da babbar yaya.

Mutum ɗaya ce a gidan ta san gaskiya, kuma ba ta ɓoye mana ba. 'Yata ta yi ta bin mu tana jan zane tana cewa, "Arusata ce fa! Ni na ce wa Kawu ya kawo mini." Mu kuwa sai mu ce, "Taki ce mana, ita za ta riƙa yi miki kitso." Har kwalin takalmi ta samo ta shimfiɗa tsumma a ciki, wai gadon arusa. Muka yi ta ƙyaƙyata dariya, wai yarinta. Ban taɓa ganin yarinyar ta sa ranta a kan wani abu kamar wannan ba, ko wasa ta daina fita don kada a zo ba ta nan.

Ranar da ya iso, da la'asar, raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofar gida. Guɗa ta kaure, yara na tsalle, wata ta riƙo kaskon turare. Ƙanena ya fito da jakunkuna, ya ga taron, ya yi sororo. Mata suka wuce shi suka leƙa cikin raksha. Ba kowa sai direba, shi ma yana kallonsu.

Yayan Inna ya gyara murya ya ce, "Ina iyalin naka?"

"Wane iyali, Kawu?"

Inna ta ce, "Arusar, ya waladi! Ina ka baro ta?"

"Au, arusa? Ga ta nan." Ya zuge jaka, ya zaro wani dogon kwali ruwan hoda mai fuskar leda, ya ɗaga shi sama yana murmushi.

Sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta dawo. Yaran nan, 'yar tsanar kanti ma arusa suke ce mata. Dukkanmu mun san haka, amma da yake zuciya ta riga ta ɗaura aure, ba wadda abin ya faɗo wa. Ragon da ke ɗaure ya yi kuka, sannan wata daga baya ta tuntsire da dariya.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma da aka buɗe kwalin, sai ga mace sosai, ba jaririya ba. Gashi har baya, baki ja wur, ido ya sha kwalli shuɗi. Rigar da ke jikinta ba ta kai ƙyallen goge kofi ba, cibi a waje, ƙirji a gaba, ƙugu kamar na zanzaro. Ƙafafunta kuma a ɗage aka ƙera su, ko an cire mata dogon takalmin ba sa taka ƙasa. Dattijon nan ya ce, "A'uzu billahi," ya juya baya ya nemi buta. Inna ta yi wuf ta rufe ta da gefen tob ɗinta, kamar wadda ta tarar da baƙuwa a banɗaki.

"Da wannan za ka shigo mini gida?" in ji ta. "A gaban mutane? Murhu za ta!"

Kafin ta rufe baki, 'yata ta fizge abarta ta shige ƙarƙashin gado, tana wani irin kuka mai shiga rai. Nan fa gardama ta tashi a tsakar gida. Ƙanena na cewa, "Yumma, roba ce fa, duk yaran can da irinta suke wasa." Wata matashiya ta ce 'ya'yanta ma suna da ita, ba abin da ya same su. Wata ta ce aibu ne, ko a talabijin in irin wannan ta fito canza tasha take yi. Ni na bi bayan ƙanena, don kukan yarinyar ya gama da ni. Na ce, "Haba Inna, me yarinya ta sani? Wasa kawai za ta yi." Inna ta dube ni ta ce, "Don ba ta sani ba nake tsoro. Wannan ce za ta sanar da ita."

Wadda ta raba mu ita ce tsohuwar ungozomar unguwa, wadda tun ɗazu take zaune tana shan shayinta. Ta ce, "Ku saurara. Tarbar amarya muka zo, guɗa kuma mun riga mun yi, ba ta komawa baki. In amarya ta zo gidan mutunci ba sutura, ba korarta ake yi ba, tufatar da ita ake yi. A ba ni allura." Aka lallaso yarinyar daga ƙarƙashin gado da alkawarin ba za a ƙona mata ba. Nan take aka yanki ƙyalle aka ɗinka doguwar riga, aka naɗa mata ɗan tob shuɗi har ka. An gwada wanke jan bakin da sabulu, ya ce yana nan daram. Rago dai bai tsira ba, aka ci shi a matsayin barka da zuwa, ƙanena kuwa ya sha tsiya har ya rasa inda zai sa kansa.

Ni a ganina magana ta ƙare, har ina yi wa Inna kallon kin gani ko. Washegari yarinyar ta ɗauko zane za ta goya arusarta, yadda muka yi da namu 'yan tsanan muna yara. Abin ya ƙi. Ƙafafu sun leƙo ta ƙasa, gashi ya barbazu ta sama, ga ƙirji na tokare mata baya. Inna na zaune tana tsince riɗi, ta ɗago ta ce, "Tun da nake ban taɓa ganin yarinya ta goya uwarta ba sai yau." Na yi dariya har da hawaye, ban san magana ce ta faɗa mini ba.

Da goyo ya gagara, sai wasan ya canza. Ta daina ba ta abinci, ta daina yi mata wanka, sai ta kafa ta a jikin bango ta zauna tana kallonta. Takan kwance tob ɗin ta duba abin da ke ciki, ta mayar. Bayan 'yan kwanaki na lura tana tafiya a kan yatsun ƙafa, daga ɗaki zuwa madafa, tana karairaya. Na yi dariya. Ta jiƙa zoɓo ta shafa a baki, nan ma na yi dariya, har na kira Inna ta gani. Inna ba ta yi ba.

Ranar da tawa dariyar ta ɗauke, na zuba mata asida da miyar kuɓewa, abincin da in ba a yi hankali ba har kwanon take lashewa. Ta ci loma biyu ta ture. Na taɓa goshinta, ba zazzaɓi. Sai ta ɗaga rigarta, ta shanye ɗan tumbinta ciki iya ƙarfinta, ta ce, "Mama, me ya sa cikina ba irin na arusa ba ne? Nawa mummuna ne?" Tumbin nan da nake busa wa iska tana ƙyalƙyala dariya, shi ne yau take jin kunyarsa.

Na tashi a fusace na nufi Inna na ce, "Ki ba ni ashana, ni zan ƙona ta da hannuna." Abin mamaki, ita ce ta hana. Ta ce, "Ke dai ba ki da tsakiya. An yi wa yarinya alkawari a gaban jama'a. In kin ƙona ta yau, sai ta koma cikin zuciyarta da zama, can kuwa ashanarki ba ta kaiwa. Ki bar ni da ita."

Kwana biyu Inna tana shiga ɗaki tana turo ƙofa. Na hango ta da karan dawa, da auduga, da tsofaffin tsummoki. Ranar Juma'a da hantsi sai ga ungozoma ta shigo da jakarta, fuska a ɗaure kamar aikin gaske ya kawo ta. Ta karɓi arusa daga hannun yarinyar ta ce, "Ba ni ita, ya bitti, lokacinta ya yi." Suka shige ɗaki ita da Inna. Muna tsaye a waje, yarinyar ta ƙanƙame hannuna, sai muka ji ungozoma na kwaikwayon kukan jariri, sannan Inna ta saki guɗa.

"Mabruk! Arusa ta sauka lafiya, an samu mace!"

Aka fito da jaririyar a naɗe cikin zane. Baƙa ce, mai kumatu, idanu na zare, ga tumbi an cusa masa auduga har ya yi tulu. Ba zan ce kyakkyawa ba ce, ido ɗaya ma ya fi ɗaya girma. Inna ta durƙusa gaban jikarta ta ce, "Kin san al'ada. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, hutawa za ta yi a cikin kabad ɗin ajiye kaya, ba a damunta. To wa zai riƙe mana jaririyar nan? Uwarki aiki ya yi mata yawa, ni kuma bayana ciwo." Yarinyar ta kalli kabad, ta kalli abin da ke hannun kakarta. Na san in ta ce a'a, ba mu da wata dabara. Sai ta juya baya ta sunkuya ta ce, "Ɗora mini."

Jaririyar ta zauna daram kamar don bayan aka yi ta. Da yamma aka soya zalabiya aka dafa shayi, yaran unguwa suka taru aka yi suna, ƙanena ne ma aka sa ya raɗa sunan don ya ƙarasa ladansa. Da aka zo cin abincin dare, 'yata ta zauna a hankali don kada ta tashi 'yarta, ta miƙo kwano ta ce, "Mama, ƙaro mini asida. Ba ki ga goyo nake yi ba?" Na ƙara mata, na juya kai don kada ta ga idona.

Yarinyar ta tambayi labarin mai jego sau biyu ko uku, ana ce mata ba ta gama arba'in ba, daga baya hidimar reno ta sha kanta. Yanzu yarinyar ta fi ni tsawo, arusa kuwa tana nan a kabad ɗin Inna cikin tob ɗinta, ba a taɓa yin jego mai tsawon nata ba a duk Gadarif.

Ban ce kowace 'yar tsanar kanti abin gudu ba ce, na sayi wasu da kaina daga baya. Amma tun daga ranar na koyi cewa rufe wa abin wasa jiki ba ya wadatarwa, kuma fizge shi daga hannun yaro ba tare da an sa masa wani ba zalunci ne. In an ba yarinya 'yar tsana yanzu, ba rigar nake fara dubawa ba, yarinyar nake sa wa ido. In ta ɗauke ta tana reno, sai in bar su. In kuwa na ga ta ajiye ta tana kallo, tana duba jikinta tana neman abin da ya rage mata, to na san ba ita ke renon 'yar tsanar ba, 'yar tsanar ce ta fara renon 'yata.