Baba Sahabi, Mai Rijiyar da Aka Kewaye da Waya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Maris 2007, Allah ya karɓi ran Baba Sahabi a ƙauyenmu da ke yankin Gwashi, bayan ya sha fama da ciwon ciki.

Baba, kai ka haƙa rijiyar bakin fadama da hannunka, tun muna yara. Mahaifina makiyayi ne, kai manomi, amma ba ka taɓa kore mana saniya ba. Har kwami ka sassaƙa na itace don dabbobinmu. In mata sun zo da tuluna kana ban ruwan albasa, sai ka miƙa musu guga ka koma inuwa ka jira. Da wani ya ce ka riƙa hana baƙi, cewa ka yi, "Ruwan ga na Allah na. Ni rami kawai na gina."

Sai wani attajiri ya zo daga birni da izinin noman shinkafa a fadamar, da izinin jan ruwan ƙoramar da ke ratsa ta. Aka ce ci gaba ne ya iso mu. Ya datse ƙorama daga sama, ya sa injuna, ya ja waya ta kewaye fadamar duka. Rijiyarka ta faɗa ciki.

Ka kai ƙara. Ni na raka ka. Ka tsaya gaban alƙali da tsufanka, ka ce kai ba shinkafa kake nema ba, a bar mutane su sha. Alƙali ya ce doka ba ta hana kowa ɗiban ruwan sha ba, amma ta hana shiga gonar wani. Lauyan attajirin ya yi dariya. A hanyar komawa, da muka hango wayar ka ce mini, "Naziru, ku tashi da shanunku tun ba su mutu ba."

Muka tashi. Albasarka ta bushe a tsaye. Kai da Inna Tasalla, matarka, kuka koma shan ruwan kududdufin da jakuna ke sha, shinkafa kuwa tana kore shar a gabanku. Wata rana ƙishi ya sa ka kutsa ta ƙarƙashin waya. Masu gadi suka ƙwace guganka, suka sa ka durƙusa a rana, ma'aikata na kallo. A cikinsu akwai waɗanda ka shayar da iyayensu.

Ranar da ka cika, ɗiyarka Humaira ta je ƙofar gonar da bokiti, ta roƙi ruwan da za a yi maka wanka. Mai gadi ya ce ba a ba shi umarni ba. Ta dawo da bokitin a bushe. Ni ma na dawo da na ji labarin rasuwar. Da ruwan kududdufi muka wanke ka, bayan an tace shi da mayafin Inna Tasalla. Attajirin ya aiko da buhun shinkafa na gaisuwa. Inna ta ce a mayar masa.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya shayar da kai daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Tasalla da Humaira da sauran dangi. Allah ya ba ku haƙuri, ya bi masa hakkinsa.