Yadda Muka Kalli Rawar Hanifa Daga Bakin Ƙofa

Edmonton

Na sauka daga aikin dare gab da asuba, ko haƙarƙarina ban sa a katifa ba. Na yi salla, na tashi 'yata Hanifa, muka kama bas cikin sanyin Disamba. Shekararta tara, kuma ranar za ta fito a rawar bale ta Kirsimeti, irin wadda ake ba da tatsuniya da ƙafa, ba mai cewa uffan. Tsohon labari ne na yarinya da 'yartsanarta da rundunar ɓeraye, amma masu shiryawa sun zamanantar da shi, sun mayar da shi gidan council, irin gidajen hayar nan na hukuma, ɓerayen duk cikin rigunan sanyi masu hula. Hanifa ɓera ce, fitowarta ɗaya tak, a farkon wasa. Abin da ta roƙa kawai shi ne kakarta Hajiya, surukata da ta zo daga Kano, ta gan ta.

A Stratford na miƙa ta gidan wasan don gwaji. Ta riƙe mini mayafi. "Mummy, don't be late."

"Na ji, ƙarfe biyu." Na sha shayi a tsaye a tasha, na shiga jirgin ƙasa in je in ɗauko Hajiya, ina gyangyaɗi.

Dagenham

Hajiya ta sauka ne a gidan ƙanin mijina. Na tarar da falo maƙil da 'yan gaisuwa, wannan na fita wancan na sallama. Wata Hajiyar Zango kaɗai sai da ta tambayi lafiyar rabin Kano.

Na duƙa kusa da surukata. "Hajiya, lokaci fa."

"Ke 'yar nan, wane biki aka taɓa farawa a kan lokaci? In tashi in bar mutane da tuwo a gabansu?"

Suruka ce, sai na koma gefe ina duba agogo. Da muka samu muka fito, sai aka yi mana rakiya har tasha, ana tafe ana tsayawa.

Stratford

Mun iske ƙofa a rufe. Mai tsaronta, wata budurwa mai fara'a, ta ce ba shiga sai an tafi hutun rabin wasa, ta nuna mana wata ƙaramar talabijin a bango. Nan muka ga ɓeraye sun fito suna tsalle, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa.

"Wacce ce tamu?" in ji Hajiya.

Ni da na haife ta ban gane ta ba. Bayan hutu muka shiga, na yi barci a kujera har aka tashi.

Hanifa ta fito da fenti a hanci. Hajiya ta rungume ta. "Na gan ki, takwara, kin fi kowa."

"Your seats were empty, Kaka."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Gida

A tasha Hajiya ta ƙi shiga jirgin Dagenham, ta biyo mu Edmonton. Alhamdulillahi mun sauka lafiya, ina kuma godiya ga budurwar nan mai tsaron ƙofa da ta ba Hajiya kujera. Ina cire takalmi, ƙafafuna sun kumbura, Hajiya ta ce, "Gobe ma suna yi?"

"Suna yi, Hajiya, amma gobe ce ranar hutuna."

"A nan zan kwana. Ki tashe ni da asuba, a bakin ƙofarsu za mu karya kumallo. Baƙi kuwa su gaida bango."