Zaren Saƙa a Bayan Motar Baba

Shekarun baya, ina ajin farko a sakandare, na dawo daga makaranta wata Talata, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne motar Baba a wanke tas. Tayoyinta har ƙyalli suke, ƙasan da take tsaye ma bai gama bushewa ba. Baba kuwa ranar Juma'a kaɗai yake wanke mota. Ban tambayi kowa ba, na wuce ciki ina tunanin ko lafiya.

Bayan la'asar sai ga wani dillali. Ta labulen zaure na riƙa leƙensa yana zagaya motar, ya shuri taya, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce da Baba, "Malam, ka yi tunani. Ƙarshen wata zan dawo da mai saye."

Tsohuwar a-kori-kura ce, da ita Baba yake ɗauko ƙwai daga gonakin kaji na bayan Rigachikun, ya rarraba wa masu shaguna a Unguwar Dosa da Unguwar Sarki. Da mai ya yi tsada, sai ya zama motar ce take cinye wahalar tasa. Ni kuwa tawa damuwar daban ce. Ni mutum ce marar magana, ko a aji malamai sukan manta ina nan. Wuri ɗaya bakina yake buɗewa: kujerar gaba, da safe, in Baba zai sauke ni a makaranta. Yana kallon titi, ba ya kallona, shi ya sa nake iya ba shi labarin komai, har na ƙadangaren da ke zaune a tagar ajinmu. In aka sayar da motar, wannan hirar ta ƙare.

Washegari muna tafe ya ce, "Uwata, kin san wa yake shan man nan? Iska ce." Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce kwanakin da tamfol ɗin bayan motar ya yage, ya cire shi da ƙarafunansa, ya lura man ya fi jimawa. Tamfol ɗin dogo ne, ya ɗara kan motar, in ana gudu sai ya kumbura kamar babbar riga a kan igiyar shanya. Amma ƙwai ba ya son rana, ba ya son ruwa, dole a rufe shi. Shi ne ya yi tunanin a yi marfin da zai taso daga kan motar ya gangara baya, iska ta zame a kai ta wuce.

Kawuna, ƙanen Mama, kafinta ne mai rufin gidaje. Shi ya karɓi aikin. Ya haɗa ƙashin marfin da katako, ya lulluɓe da filawud, ya shafe da shuɗin fenti. Sai dai ya yi masa gangara sosai, daga kan motar ya sulalo ƙasa tun kafin a kai ƙarshen bodi, sauran ya shimfiɗe shi a kwance. Baba ya ce, "Anya bai yi tsaye da yawa ba?" Kawu ya ce, "Yaya, ni fa ruwa ba ya kwana a kan aikina. Ka tambayi duk wanda na yi wa rufi."

Ranar da muka fara fita da shi, 'yan majalisar bakin layinmu sun samu abin yi. Ɗaya ya ce, "Malam, motar ce ta yi doro?" Wani ya ce ai kunkuru ce. Na nutse a kujera har hijabina ya kusa rufe mini ido.

Allurar man motar ta daɗe da mutuwa, don haka Baba yana da tasa hanyar gwaji. Ya cika tanki har baki, ya yi zirga-zirgarsa ta mako, sannan ya sake cikawa daga wata babbar jarka. Da can jarkar takan ƙare tankin bai cika ba. Da aka sa marfin Kawu, ta ƙare ɗin dai, tankin ya kusa cika. Baba ya girgiza jarkar, babu ko motsi. Ya ce, "An ɗan samu, amma bai kai a fasa sayarwa ba." Ya ajiye ta ya tafi masallaci.

Ni kuwa akwai abin da na kwana biyu ina gani. Duk sanda ya dawo daga gona, saman marfin yana nan fes, amma daga tsakiya zuwa ƙasa ƙura ce jingim, da ƙananan gashin kaji maƙale a jikin fentin. Abin da ya fi ɗaure mini kai, gashin kajin duk sama suke kallo, wajen kan motar. In da iska zamewa take ta wuce, ai da ta share su.

Na gaya wa Mama a kicin, ina so ta isar. Ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba ta ce, "Ni 'yar aikenki ce? Bakin da kika faɗa mini da shi, da shi za ki faɗa wa babanki."

Washegari, sai da muka kusa ƙofar makaranta na iya faɗa wa Baba. Baba ya gangara gefen titi ya tsaya, ya fita ya zagaya baya, ya daɗe yana kallon marfin. Da ya dawo ya ce, "To ta yaya za mu ga abin da iskar take yi?" Na ce ni dai a kan babur, gefen hijabina ne yake nuna mini inda take kaɗawa. In aka manna wani abu marar nauyi a jikin marfin, shi ma zai nuna.

Ina da ƙullin jan zaren saƙa da nake yi wa jaririyar maƙwabtanmu hula. Ranar Asabar da safe na yayyanka shi gajeru-gajeru, na bi marfin layi-layi ina mannawa da salatif. Kawu ya iso a kan babur ɗinsa, ya tsaya yana kallo, ya ce, "Yaya, amarya za a ɗauko ba a gaya mini ba?" Ya juyo gare ni. "'Yar Kawu, yau aikin nawa za a yi wa jarrabawa ke nan?" Na ci gaba da manna zare.

Muka hau titin Zariya, Baba a gaba, ni da Kawu a kan babur muna binsa a baya. Da motar ta ɗauki gudu, zaren sama duk suka kwanta lamo suna kallon baya. Na tsakiya suka fara rawa. Na ƙasa kuwa juyi suke kamar an saka su a tukunyar da ke tafasa, wasu ma sun miƙe suna nuna gaba. Na taɓa kafaɗar Kawu na nuna masa. Ya ce, "Na gani." Muka ci gaba da bin motar har muka tsaya wajen Rigachikun.

Ya sauka, ya shafa marfin tun daga sama, ya tsayar da hannunsa daidai inda zaren suka fara rawa. Ya ce, "Ruwa na yi wa rufin nan. Ita iska lallaɓa ta ake yi." Ya zaro alli daga aljihu ya miƙo mini. "Zo ki ja mini layi inda kika ga ta fara bori." Na karɓa na ja, ga masu sayar da rake sun taru suna kallonmu.

Kawu ya kwance aikinsa da kansa. Ya ɗaga bayan, ya miƙar da gangarar a hankali har ƙarshen bodi, ya sa masa ƙyaure. Sai ga shi wurin jera kiret ɗin ƙwai ma ya ƙaru. Na sake manna zare, hular jaririya dai ta tafi a haka. Da muka koma titin, tun daga sama har ƙasa zaren suka kwanta, sai 'yan biyu-uku na can baki da ke ɗan karkaɗawa. Kawu ya riƙa danna ham kamar mai rakiyar biki.

Ranar gwajin jarka duk muna tsaye a ƙofar gida, har Mama daga cikin zaure. Baba yana zuba mai, yana zubawa, sai tankin ya cika har ya ɗan tofo. Ya sauke jarkar ya girgiza, muka ji man yana ƙara a ciki. Ba wani mai yawa ba ne, amma Baba ya sake girgizawa don mu ƙara ji. Da dillali ya dawo da mai sayensa, Baba ya ba su ruwa suka sha, ya ba su haƙuri, ya ce an fasa.

Har yau a layinmu Kunkuru ake ce wa motar, amma na daina nutsewa a kujera. Ban zama mai surutu ba, ƙawayena za su shaida. Abin da ya canza shi ne, da ina ɗauka kallon ƙananan abubuwa da nake yi wani nau'in zaman banza ne na wanda ya kasa magana. Yanzu na san abin da na gani yana da amfani, in dai na daure na faɗa. Duk sanda na hango shuɗin marfin nan ya shawo kwana, sai in ji kamar da hannuna aka ƙera shi, ko da yake ko ƙusa ɗaya ban buga ba.

Litinin ɗin da ta biyo bayan tafiyar dillali, muna shiga mota Baba ya ce, "Uwata, kin yi aiki. Faɗi abin da kike so." Na san yana zaton zan ce sabon zare ko takalmi. Na kalli titi, kamar yadda shi ma yake yi, na ce, "Baba, tunda mai ya yi saura a jarka, yau mu bi ta doguwar hanya."